Ƙaramin jirgin sama na kanka a Kano: amsa ga Alhajin da hanyar Abuja ta ishe shi

Wani Alhaji ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya aiko min da tambaya. Ya ce kusan kowane mako yana kan hanyar Abuja, wani lokaci Maiduguri. Hanya ta ishe shi, jiragen haya kuma yau a ɗage tashi, gobe a soke. Ya ga ana tallan ƙananan jirage masu farfela ɗaya a intanet, kuɗin wasunsu bai wuce na sabuwar Land Cruiser ba. Shin mutum irinsa zai iya sayen ɗaya, ya koyi tuƙi, ya ajiye shi a Kano, ya riƙa kai kansa duk inda yake so?

Alhaji, doka ba ta hana ka ba, kuma ba sai gwamna ko mai rijiyar mai ke iya mallakar irin wannan jirgin ba. Ni aikin gyaran jirage ne sana'ata, na kuma koyi tuƙin ƙananan, don haka na ga abin ta ƙarƙashin inji, na gan shi ta kan kujerar matuƙi. Amma ka ɗauki abin kamar doki. Duk Bakano ya san ranar da aka sayi doki ita ce ranar da aka fi samun sauƙi. Daga nan sai harawa, sai dusa, sai kanwa, sai mai kula da barga, kuma ko ba ka hau shi ba sai an fita da shi kilisa, in ba haka ba ya lalace a turke. Jirgi ma haka yake, sai dai shi abincinsa da dala ake saye.

Bari mu ɗauki wanda aka fi sani, Cessna 172. Tun 1956 ake sayar da shi, an ƙera sama da 44,000, babu wani jirgi a duniya da aka yi da yawa kamarsa. Kujera huɗu, inji ɗaya mai silinda huɗu, gudunsa wajen kilomita 220 a awa. Daga Kano zuwa Abuja ta sama kusan kilomita 360 ne, wato awa ɗaya da minti arba'in in iska ba ta tare ka ba. Maiduguri wajen kilomita 500, awa biyu da 'yan kai. A takarda abin gwanin sha'awa.

Sai dai kujera huɗu ba mutum huɗu ba ne. Sabon samfurin jirgin bai halatta ya tashi da nauyin da ya wuce kilo 1,157 ba, shi kansa kuma ba kowa a ciki ya kai kilo 760. Saura kusan 400. Ka cika tanki, lita 200, mai ya cinye kilo 144. Abin da ya rage bai wuce na manya uku da 'yar jaka ba. In kana tunanin ɗora dilar atamfa a baya, cire wannan daga lissafi.

Kafin ka zaɓi jirgi, ka fara tambayar mai. Nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami, domin suna ɗauka duk man jirgi ɗaya ne. Manyan jiragen da kake gani a filin Malam Aminu Kano kananzir suke sha, wanda ake kira Jet A-1, kuma ana samunsa a manyan filayen jiragen ƙasar nan. Shi kuwa injin Cessna 172 fetur ne na musamman yake sha, Avgas 100LL, mai launin shuɗi-shuɗi, da ɗan dalma a ciki. Ba a tace shi a Najeriya, shigo da shi ake yi a cikin durom, yana da tsada, kuma ba kowane fili za ka sauka ka same shi ba. Jirgin yana shan lita 30 zuwa 38 a awa. Ka je Maiduguri da cikakken tanki, ka dawo da abin da ya rage? Lissafin yana matsewa ƙwarai, ni ba zan yi ba, domin ban yarda in sauka da man da bai kai na awa guda a tanki ba. Ma'ana sai ka tura durom ta mota ya riga ka isa. Ka ga hanyar da kake gudu, manka ya bi ta.

Wannan wahalar ce ta sa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta koma sayen jiragen Diamond DA40 da DA42 masu injin dizal da ke shan kananzir ɗin manyan jirage. In da ni ne ke da kuɗin, nan zan duba. DA40 mai irin wannan injin bai kai Cessna shan mai ba, kuma inda duk jirgin haya ke sauka za ka samu abin zuba masa. Illarsa, ya fi tsada a saye, injinsa kwamfuta ke sarrafa shi, ba kowane injiniya ke da izinin taɓa shi ba. Akwai kuma ƙanana masu kujera biyu da injin Rotax, waɗanda ke iya shan fetur ɗin mota. Kada wannan ya ruɗe ka. Fetur mai kyau suke nufi, mai ƙarfin da kamfanin ya ƙayyade, ba na 'yan bumburutu a galan ba. Ka tuna farkon 2022 da aka shigo da gurɓataccen fetur, motoci suka riƙa mutuwa a titi. Mota in ta mutu sai ka gangara gefe ka kira bakanike. A sama babu gefen titi.

Kowace safiya kafin tashi akwai wani ɗan kofi na roba mai haske da muke soka wa a ƙasan fiffike, mu tsiyayo mai kaɗan daga kowane tanki, mu ɗaga shi ga hasken rana. In akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa kamar ƙwayar ido, domin ya fi mai nauyi. In kana shakkar an gauraya maka da kananzir, ɗiga shi a farar takarda: fetur ɗin jirgi zai bushe ba alama, kananzir zai bar tabon maiƙo. Na taɓa tsiyayar kusan rabin kofi na ruwa zalla daga wani jirgi da aka zuba wa mai daga durom ɗin da ya kwana a waje cikin ruwan Agusta, an bar shi a tsaye ruwa ya taru a kan murfin. Da an tashi da shi, injin zai kama lafiya lau, ya yi gudu a titi lafiya lau, sai ya ɗaga sama sannan ya fara tari.

Batun lasisi bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ita ke bayarwa. Sai ka kai shekara 17, ka ci jarrabawar dokokin sama da yanayi da sanin hanya da yadda inji ke aiki, ka iya magana da hasumiyar kula da tashi da saukar jirage da Turanci, sannan ka yi aƙalla awa 40 a sama, wasu da malami wasu kai kaɗai. Mai kasuwa da ke zuwa jefi-jefi yakan wuce haka sosai, domin abin da hannu ya koya a wannan makon yakan manta a wata mai zuwa. Zariya na kusa da kai, akwai kuma wata kwalejin a Ilori. Amma tun kafin ka biya ko sisi, je ka ga likitan da hukumar ta amince da shi ya duba ido, kunne, zuciya, jini da suga. Na san wanda ya riga ya tura kafin alƙalami na jirgi, sai a ɗakin likita ya ji yana da hawan jinin da bai san da shi ba.

Lasisin farko na tuƙi da ido ne. Wato sai kana ganin ƙasa, kana ganin inda sama ta haɗu da ita, kana ganin aƙalla kilomita 5 a gabanka. To yanzu ka tuna Kano daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga can arewacin Chadi ta shimfiɗa mana. Akwai ranakun da daga Goron Dutse ba ka hangen Dala. A irin wannan ranar jiragen haya ma da na'urorinsu da matuƙa biyu sukan fasa tashi, balle kai.

Haɗarin hazo ba wai rashin ganin hanya kawai ba ne, GPS zai nuna maka hanya. Abin da yake kashe mutum shi ne jikinsa ya yi masa ƙarya. A cikin kunnenka akwai wasu 'yan kwarkwaro masu ruwa da ke gaya maka ko a miƙe kake ko a karkace. A ƙasa suna aiki daidai domin ido na taimaka musu. In ido ya rasa layin da zai kama, jirgi ya fara karkata a hankali, kunne ba ya ji. Bayan 'yan daƙiƙu sai ya ɗauki karkacewar a matsayin daidai. In ka dubi agogon gabanka mai nuna karkatar jirgi ka gyara, sai jikinka ya rantse maka yanzu ne ka karkace, hannunka ya mayar da kai inda ka fito. Ya faru da ni sau ɗaya, ina sabon lasisi, wata ranar Janairu da na raina hazon. Ƙasa ta zama fari, sama ta zama fari, rana ta koma kamar faranti. Agogo na cewa fiffiken hagu ya yi ƙasa, ni kuma ina jin zaune nake daram kamar a kan tabarma. Gumi ya jiƙe min riga a tsakiyar sanyi. Abin da ya cece ni, bayan ikon Allah, shi ne muryar malamina da ta dawo min: yarda da agogo, ƙaryata jikinka. Na juya na koma inda na fito, na sauka ƙafafuna na rawa a kan birki.

Wannan ne ya kashe ɗan tsohon shugaban Amurka, John Kennedy ƙarami, a Yulin 1999, yana tuƙa jirginsa da dare a kan teku cikin hazo. Mu ma muna da namu darasin a gida. Marigayi Ɗanbaba Suntai, gwamnan Taraba, wanda ya koyi tuƙi a Zariya, ya faɗi da jirgin Cessna 208 kusa da Yola ranar 25 ga Oktoba 2012, shi ke tuƙi. Rahoton masu bincike ya nuna ba shi da izinin tuƙa irin wannan jirgin, kuma tafiyar tuƙi da ido ce aka ci gaba da ita bayan faɗuwar rana. Bai mutu a ranar ba, amma bai sake komawa daidai ba har ya rasu a 2017. Ba don a ci mutuncin mamaci na kawo shi ba. Na kawo shi ne domin ya yi kama da kai ta fuska ɗaya: mutum ne mai harkoki, mai alƙawari a gaba, wanda ba a saba ce masa a'a ba. Ɗan kasuwar da ake jiransa a Abuja ƙarfe goma shi ne ya fi kowa saurin dubar sama ya ce ai hazon ba shi da yawa.

Hazo na wucewa sai bazara. Filin jirgin Kano yana kan tudun da ya kai ƙafa 1,560 daga teku. In zafi ya kai digiri 40, kamar yadda yake yi a Afrilu, iska takan saki ta yi shara-shara, har jirgi ya ji kamar yana kan ƙafa 5,000. Inji ya rage ƙarfi, farfela ta rage cizo, fiffike ya rage ɗauka. Titin Kano dogo ne, ya haura kilomita 3, ƙaramin jirgi ba zai rasa wurin tashi ba, amma za ka gan shi yana hawa kamar tsohon jaki da kaya. A gajeren titi kuwa abin ba wasa ba ne. Mutanen Gwammaja ba su manta 4 ga Mayu 2002 ba, ranar da jirgin fasinja ya tashi da tsakar rana, titi ya ƙare masa kafin ya ɗaga, ya faɗo cikin gidajensu. Babban jirgi ne, amma iskar da ya shaƙa ita za ka shaƙa. Shi ya sa a bazara da asuba muke tashi. Da azahar ƙasa ta yi zafi, jirgi ya riƙa tsalle kamar motar da ke kan hanyar burji, fasinjanka ya cika leda.

Damina kuma hadari ne daga gabas, yakan taso a jere kamar katanga, da guguwa a gabansa. Ba a ratsa shi, ba a bi ta ƙarƙashinsa. Ana jira ne. Sauƙinsa, safiyar damina bayan ruwa ita ce lokacin da ya fi daɗin tashi a ƙasar nan: iska a wanke, Tiga da Bagauda na ƙyalli a ƙasa, gonakin shinkafar Kura da Kadawa kore shar.

In ka haɗa wannan duka, za ka ga jirgin zai kai ka Abuja ne a ranar da sama ta yarda, ba ranar da kasuwa ta kira ba. Maganinsa ka ƙara karatu ka samu izinin tuƙi da na'ura, jirgin ma a sa masa kayan da suka dace. Wannan wasu watannin ne da wasu dalolin.

Yanzu gyara, inda ni na fi ƙarfi. Kowace awa 50 ana juye baƙin mai a sauya matata, mu kan yanka tsohuwar matatar mu baje takardar cikinta muna neman ɓurɓushin ƙarfe. Kowace awa 100, da kuma sau ɗaya a shekara, ana buɗe jirgin gaba ɗaya a duba. Injin Lycoming da ke cikin Cessna 172 kamfanin ya ce a yi masa garambawul bayan awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa, kuma aikin yakan ci dala 30,000 zuwa sama. Raba wannan da 2,000, ka ga duk awar da ka yi a sama akwai dala 15 da ya kamata ka jefa a asusu, ban da mai, ban da komai. Kowane ƙusa da aka ɗaura sai ya zo da takardar shaidar asalinsa, sai injiniya mai lasisi ya sa hannu a littafin tarihin jirgin. Ba a zuwa Ƙofar Ruwa a nemo mai kama da shi. Wani ɗan abu da bai fi yatsa ba zai iya zaunar da jirgi wata biyu ana jiran sa daga Amurka, ga kwastan, ga canjin dala.

Ƙura tana shiga ko'ina. In matatar iska ta ɗan yage, yashi ya bi ya shiga silinda ya riƙa goge zobban fistin kamar sanfefa. Gilashin gaba ba gilashi ba ne, roba ce, kuma yaron da ya saba wanke mota zai ɗauki busasshen tsumma ya goge ƙurar a zagaye, ya bar maka zane dubu da za su makantar da kai in kana fuskantar rana da yamma. Ruwa ake fara kwarara masa, sannan a shafa daga sama zuwa ƙasa da laushin ƙyalle. Ranar Kano kuma tana cin fenti, tana busar da taya, tana dafa rediyo, don haka rumfar ajiya ba ado ba ce.

Sai zanzaro. A ƙarƙashin fiffiken hagu akwai wani ɗan bututu kamar alƙalami, da rami a bakinsa, shi ke auna gudun jirgi. Wajen zanzaro wannan ramin gida ne da aka gina masa kyauta. Kwana ɗaya ya ishe shi ya cusa laka ya toshe. Na taɓa zaro laka da tsutsa a ciki daga jirgin da aka manta ba a sa wa bututun murfi ba tsawon mako guda. Kada ka raina: a 1996 wani Boeing 757 ya faɗa teku bayan tashi daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka mutu, kuma masu bincike sun fi zargin irin wannan ƙwaron ne ya toshe bututun bayan jirgin ya daɗe a ajiye. Tsuntsaye na yin sheƙa a kan inji, ɓera na cin waya. A sama kuma shirwa da ungulu ba sa kauce wa kowa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jirgin da aka saya da ɗoki aka ajiye. Injin da ba ya tashi tsatsa ke cinsa daga ciki. Tayar da shi a ƙasa na minti goma, yadda ake ɗuma mota, bai wadatar ba, ƙara masa raɓa ma yake yi, sai mai ya yi zafi sosai a sama na kusan awa guda sannan ruwan cikinsa ke ƙonewa. Shi ma matuƙin tsatsa yake yi. Doka ta ce in ba ka yi tashi da sauka uku a cikin kwana 90 ba, ba ka ɗaukar fasinja. Kuɗin inshora, da na rumfa, da na duban shekara, da albashin mai kula, ko ka tashi ko ba ka tashi ba suna nan. Wanda ya yi awa 50 a shekara, kowace awarsa ta ninka ta mai awa 200 sau huɗu a wannan ɓangaren.

Na san abin da zai zo maka a rai a matsayinka na ɗan kasuwa: in ba ka amfani da shi sai ka ba da shi shata ya ci da kansa. A'a. Jirgin kanka izinin tashi ba na kasuwanci ba ake ba shi, kuma a 2024 NCAA ta dakatar da izinin wasu masu jirage da aka kama suna ɗaukar fasinja da kuɗi a ɓoye. Mai lasisin tuƙi na kansa ma ba a biyansa ladan tuƙi. In aka yi haɗari a irin wannan tafiyar, kamfanin inshora zai zame ya bar ka da magada.

Sauran takardu ba zan ja su ba. Izinin shigo da jirgi kafin ya baro can, rajista mai farawa da 5N (alamar jiragen Najeriya), takardar shaidar lafiyar jirgi, kuɗin sauka da na kwana ga hukumar filayen jirage FAAN, takardar tsarin tafiya ga hukumar kula da sararin samaniya NAMA kafin kowace tashi, rahoton yanayi daga hukumar hasashen yanayi NiMet. Ba za ka sauka a gonarka ta Ɗambatta don kawai taka ce ba, sai an amince da filin. Wasu filayen daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kawai suke aiki. Akwai kuma sassan da matsalar tsaro ta sa aka taƙaita shawagi, kamar yadda aka hana tashi a sararin Zamfara a 2021.

To, me zan ce ka yi? In matsalarka isa Abuja a kan lokaci ce kawai, tikitin jirgin haya, har da kwanan otal a ranar da aka soke tashi, ya fi maka araha nesa ba kusa ba. In kuwa tuƙin ne ke ranka, in kai ne yaron da ke tsayawa a bakin waya a hanyar Katsina yana kallon jiragen alhazai, to wannan wata magana ce, kuma ba zan hana ka ba, domin ni ma ciwon ke nan. Fara da likita. Sannan ka yi awa goma da malami, a ciki har da wata azahar ta bazara, ka ga ko cikinka zai ɗauka. Ka samu lasisi kafin ka sayi komai. Sannan ka nemi mutum biyu ko uku masu irin ciwonka ku haɗa ku sayi ɗaya, a rubuta yarjejeniya a gaban lauya: nawa kowa ke zubawa a wata, nawa a kowace awa, wa zai biya in an fasa fitila a rumfa, yaya za a yi in ɗaya ya rasu ko yana son fita.

Ranar da kuka samu wanda ya kwanta muku, kada ku tura kuɗi saboda hoto. Ku biya injiniyan da ba ruwansa da mai sayarwa ya je ya auna matsin kowace silinda, ya leƙa cikinsu da madubin waya, ya bi fikafikai yana neman tsatsa, ya zauna ya karanta littafin tarihin jirgin shafi-shafi tun daga ranar da ya fito daga masana'anta. In ya ce muku akwai shekara biyu ko uku da babu rubutunsu, ko an yage shafi, ku bar musu kayansu ku duba na gaba.